Maccido da Ƙanƙarar Mambila

Maccido na Fakku makiyayi ne da ba a san shi da shiga mota ba. Tun yana saurayi yake kora shanu a ƙafa, daga ƙasar Kebbe har inda ciyawa ta kai shi. Duk mai shirin tashi da garke sai ya biyo ta rugarsa ya tambayi labarin hanya. Amsarsa ba ta wuce biyu: ko "tana biyuwa", ko "ku dakata".

Shekarar da ƙanensa Haliru ya yanke shawarar komawa tsaunin Mambila da shanunsa, Maccido ya ce zai raka shi. Matarsa Rabi'atu ta tambaya ko da nisa. Ya ce gaba da Kebbe ne.

Bayan kaka suka tashi, sai da bazara suka isa gindin tsaunin. Suna tsakiyar hawa hadari ya haɗo, ƙanƙara ta yi ta zuba kamar tsakuwa, har hanyar ta ɓace, ko'ina fari fat. Maccido bai taɓa ganin ƙasa ta yi haka ba. Haliru ya ce su jira ta narke. Maccido ya taka da takalminsa na roba, ya ji ta da ƙwari, ya ce tana biyuwa. Bai yi nisa ba santsi ya kwashe shi, ya gangara da shi cikin wani kwazazzabo, sandarsa na biye da shi. Shanun suka tsaya suna kallo.

Haliru ya leƙo daga sama. "Yaya, ka ji ciwo?"

"Ƙafa ɗai ta," in ji Maccido. "Ku dakata."

Kafin a fito da shi ƙanƙarar ta narke.

Wani mai ɗori a ƙauyen kan tsaunin ya ɗaure ƙafar, Maccido ya yi jinya a can har damina ta yi nisa. Dole ta sa ya dawo gida a mota, yana ta amai a hanya. Shiga motar ta fi karayar yi masa ciwo.

Rabi'atu ta dubi ƙafar, ta dube shi. "Mi ya same ka?"

"Ruwa na taka."

"Ruwa na karya ƙafa?"

"Na can shina karyawa."

Yanzu da ɗingishi yake tafiya, 'ya'yansa ke fita da garke. Haliru kuwa ya zauna a Mambila, shanunsa sun yi ƙiba. Yakan bugo waya ya ce yayan nasa ya zo ziyara, mota tana hawa har sama. Maccido yakan ce to, sai ya ga yadda shekara ta yi.