Ranar da aka sa Kawu a rediyo

Ni aji huɗu na yi a firamare aka cire ni, don haka kada wani ya zo yana nemar mini kuskuren rubutu. Sana'ata gyaran keke, sai gyaran rediyo da na koya wa kaina bayan na lalata na mutane biyu ko uku. Rumfata tana bakin kasuwar Karaye, ranar kasuwar Rogo kuma in ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke in tafi can. Shekarata ta kusa talatin lokacin da abin nan ya faru.

Kawuna, wan mahaifiyata, malamin gona ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keke tsakanin Karaye da Rogo da Zoza, da ɗan littafi a aljihu. Shekarar da cuta ta cinye gyaɗa, shi ya bi ƙauyuka yana ce wa mutane su yi shuka da ruwan fari, su matse layi, kada su bar gyauro a gona. Waɗanda suka ji maganarsa sun tsira da ɗan abin da suka tsira da shi. Amma bai iya magana ba. In ya fara bayani sai ya bi ta kan taki, ya bi ta kan iri, har mai sauraro ya fara hamma.

Da sojoji suka ce za su mayar da mulki, dattawa suka zo zaurensa suka ce shi suke so ya tafi majalisar jiha. Ya ƙi, suka dawo, ya yarda, ya ajiye aiki. Ɗaya jam'iyyar kuwa sai ta ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo na rediyo. A wasan shi manomi ne talaka mai bakin tsiya, wanda ba ya tsoron dagaci, ba ya tsoron mai awon gyaɗa, kullum sai ya gaya musu abin da mu ba mu iya faɗa. Babu gidan da ba a san muryarsa ba. Aka tono cewa kakarsa 'yar ƙauyen Fulatan ce, nan kusa da mu, shi ke nan ya zama ɗan gida. Kada a ce mu jahilai ne, mun san wasa ne. Amma muryar da ta shekara goma tana shiga ɗakin uwarka ba ka jin ta kamar ta baƙo.

Na je taron ɗan wasan na Rogo. Mutum ne fari tas, da tumbi, da agogo. Da ya ba ni hannu sai na ji tafinsa kamar na mai jego. Aka miƙa masa fartanya ya ɗaga, mai hoto ya ɗauka. Wani tsoho ya tambaye shi me za a yi wa ƙwarin gyaɗa, sai ya karkace hula, ya sauya murya zuwa ta wasan, ya ce ƙwarin da suka fi damun sa masu babbar riga ne. Kasuwa ta ɗauka da shewa. Tsohon ma dariya ya yi, ya manta ya yi tambaya.

Bayan 'yan kwanaki wani ma'aikacin gidan rediyo ya sauka a tasha da rikoda mai faifai biyu a rataye. Ya zo rumfata yana tambayar gidan malamin gona. Ya ce umarni aka ba su, kowane ɗan takara a ji ta bakinsa, babu fifiko. Na rufe rumfa, na ɗora shi a bayan keke, ina tuƙi ina jin kamar ni na kawo rediyon garin.

Kawu ya sa aka share zaure, aka dama fura. Ya yi magana har faifan ya kusa ƙarewa. A ranar kuwa bakinsa ya buɗe, ban taɓa jin sa haka ba. Ina zaune a bakin ƙofa ya ce:

"Ni ba ni da abin da zan ba ku. Ba ni da mota, ba ni da atamfar rabo. Amma na san inda takin zamani yake maƙalewa tsakanin Kano da nan, na san rafin da yake raba Zoza da kasuwa duk damina, in kun tura ni zan je in tsaya a kansu har a gaji da ni."

Mai rikodar ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, Baba, wannan magana ta yi." Ya faɗi ranar da za a sa, bayan la'asar, kuma ta dace da ranar kasuwar Rogo.

Ni na jawo sauran. Duk wanda ya kawo faci sai na gaya masa. Na aika Zoza, na aika Fulatan. Na ce wa mutane ku zo ku ji bambancin manomin wasa da wanda ya san gona. Ranar na sa sababbin batura, na haɗa rediyona da lasifikar da na aro, na rataye a jikin wata rumfa a kasuwar. Kawu bai so zuwa ba.

"Ɗana, a bar ni in ji a gida mana."

"Haba Kawu, a ji muryarka a kuma ga fuskarka, ai ya fi."

Ya zo da farar riga, aka shimfiɗa masa tabarma a gaba. Mahauta suka bar tukuba, masu hatsi suka rufe kwando, har wani malamin allo ya zo ya tsaya daga nesa.

Aka fara da kiɗa. Sai ga muryar ɗan wasan. Ya gaishe da Rogo unguwa-unguwa, ya yi tarin nan nasa na wasa, ya ba da labarin jakinsa, ya yi alkawarin famfo. Mutanen da na tara da bakina suna ta ƙyaƙyatawa. Ina duban inuwa tana tafiya, ina cewa yanzu za a zo kanmu. Can sai mai gabatarwa ya ce sun kuma ji ta bakin abokin takararsa, wani tsohon ma'aikacin gona. Muryar Kawu ta fito, a shaƙe, kamar daga rijiya:

"Ni ba ni da abin da zan ba ku."

Sai kiɗa. Sai sanarwar ɓatan saniya.

Na jijjiga rediyon, wai ko waya ce ta saki. Sai wani mahauci ya ce, "To Malam, ai da ka gaya mana tun da hantsi, da ban bar tsirena ya ƙone ba." Dariya ta fashe. Kawu ya tashi, ya naɗe tabarmar da ba tasa ba, ya miƙa wa mai ita, ya tura kekensa. Bai hau ba har ya fita kasuwa.

Washegari na shiga motar Kano. Na yini a ƙofar gidan rediyon, mai gadi yana kora ta ina dawowa, har mai rikodar ya fito. Ya gane ni, har da tambayar mutanen gida.

"Malam," na ce, "ina sauran maganar?"

"Lokaci ne, ɗan'uwa. Abin da aka ba ni kaɗan ne. Kuma tsakani da Allah, wa zai zauna yana jin zancen taki?"

"To a sa sauran gobe."

"Faifan ai an ɗora waƙa a kai. Ba mu da su da yawa." Ya gyara hula. "Amma tsaya. Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa, amma..."

"To ka gani. Mu ba ma ƙarya."

Na so in shaƙe shi. Ina kallo ya hau babur ya tafi.

Kafin zaɓe yara sun riga sun sa wa Kawu suna, Malam Ba-ni-da. Mun bi ƙauyuka muna faɗin sauran maganar, amma mu bakinmu ne kawai, kowa sai ya ce shi dai da kunnensa ya ji a rediyo. Aka yi zaɓe, aka kayar da shi har a akwatin unguwarmu. Ɗan wasan ya tafi majalisa. Sau ɗaya na ƙara ganin sa, a cikin mota, gilashi a rufe. Rafin Zoza yana nan yadda yake.

Kujerar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Kawu ya rataye kekensa a zaure. Manomi ya zo masa da ganyen dawa da ya yi ja, ya ce Malam duba mini, sai ya ce, "Je ka tambayi rediyo." Tun ana zuwa har aka daina. Ni kuma na daina shiga gidan sai da dalili, don ni na ja shi gaban mutane.

Bayan kamar shekara biyu, ina rumfa da azahar, sai ga shi a ƙasa, da rediyonsa a hammata. Ya rame. Ya ajiye a gabana.

"Ɗana, duba mini, ya daina magana. Yi sauri, yau ake maimaita tsohon wasan nan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na buɗe, waya ce ta tsinke, na liƙe. Ya zauna a bencina ya murɗa da kansa. Muryar ɗan wasan ta cika rumfar, yana zagin mai awon gyaɗa. Kawu ya yi dariya har da share hawaye.

"Kawu, wannan fa shi ne."

"Na sani mana. Ya iya magana, ɗana. Ni ma da a rediyo kaɗai na san mu biyun, shi zan zaɓa." Ya matso da kunnensa. "Ƙara mini murya kaɗan."

Na ƙara masa.