Injin da Muka Je Gani da Garkar Kawu

Mun tashi daga Ƙofar Kware ana sallame sallar asuba, mu uku a motar gwamnati: ni, direba, da wani ma'aikacin lantarki ɗan Sabon Gari. Ofishinmu ne ya tura mu kudu mu duba injin ba da wuta mai aiki da iskar gas, in dawo in rubuta ko ya dace a kawo irinsa Sakkwato. Idan na ce ya dace, filin da aka zaɓa a bakin gari zai cinye garkar albasar kawuna, wadda da ita ya riƙe mu tun rasuwar mahaifina. Da na je yi wa Kawu sallama, abin da ya ce kawai shi ne, "In ka tahi ka duba da kyau, ɗana."

Daga Yawuri zuwa Kwantagora hanya ta cika da manyan motocin siminti, wasu kwance a rami ƙafafu sama. Kowane shinge soja sai ya leƙa takardarmu, wani ma a juye ya riƙe ta. Tun da aka yi ƙarin albashi komai ya tashi, har mai shayi magana yake yi ciki-ciki. Muna haye gadar Jebba direbanmu ya daina yarda da kowane nama, ya koma burodi da kilishin da ya ƙullo daga gida.

A rana ta uku muka hango wutar gas tana ci a sararin sama, ba tukunya ba mai girki. Rogon da ke kusa da ita duk ya ƙone, kwanon rufin gidaje ya yi tsatsa. Raina ya ɓaci, domin na baro mata a unguwarmu suna dafa tuwo da kara da kashin shanu tun da fari ya cinye itatuwa.

Injin kansa abin kallo ne. Yana zuƙar iska, ya matse ta, ya ƙona gas a cikinta, zafin ya juya farfela. Injiniyan wurin ya tambaye ni wane gas za mu ba injin a Sakkwato, alhali ko bututu ɗaya bai nufi arewa ba. Ya ƙara da cewa zafi na rage masa ƙarfi, wato a bazara, lokacin da muka fi bukatar wuta, zai kasa. Ma'aikacin lantarkinmu ya ce gara mu fara binciken ɗaga ruwan noma da hasken rana, tunda ita rana ba a ɗauko ta a tanka. Haka na rubuta a hanyar dawowa, cewa injin bai dace da mu ba, har ina jin daɗi a raina.

Mun shigo gari da la'asar, na ce direba ya bi ta garka in yi wa Kawu albishir. Babu garka. Katafila ta share wurin fes, an kafa allon aikin injin wuta, leburori na haƙa harsashi. Na iske Kawu yana tsintar albasar da ƙafar katafila ba ta murƙushe ba.

Ya ce, "Ran da kunka tahi sunka zo. Mi kag gano can?"

Rahoton na cikin aljihuna, na kasa fito da shi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a zamanin nan sai an gama sayen kaya ake aika mutum ya duba su. Na tuɓe takalmi na taya shi tsinta.