Hajiya Kadidiatou, Matar da Ta Hana Ni Tikitin Agusta

Ƙarfe tara saura kwata take saukowa daga metro, jirgin ƙasa na cikin gari, a unguwar Barbès ta Paris, kullum ban da Lahadi, jaka a kafaɗa, filas ɗin shayi a hannu. Takan ratsa 'yan kasuwar ƙarƙashin gadar jirgi, ta gaisa da Balaraben da ke gyaran waya, ta ɗaga ƙofar ƙarfe ta wani ɗan ofishin sayar da tikitin jirgin sama, wanda in mutum biyar suka shiga sai na shida ya jira a waje. Kafin ta kunna kwamfuta sai ta tsaya gaban bango. Kalanda biyu ne rataye a wurin, ta Turawa da ta Musulunci. Ta dube su da kyau, ta zuba shayi, sannan ta ce na farko ya matso. Haka Hajiya Kadidiatou, 'yar Tahoua, ta yi shekara goma sha tara, tun daga 2000. Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, don gwiwoyinta sun gaji da matakalar metro.

Ba a yi mata biki ba, ba kuma wanda zai ba ta lambar yabo, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Bukari, ɗan Maradi, ina gyaran jiragen taram a Lyon. Waɗanda suka san ni sun san na fi iya mita da yabo. Amma matar nan akwai abin da ta yi mini, kuma in ban faɗa ba na ci amana.

Yawancin masu shiga ofishinta tikitin gida suke nema, Yamai ko Kano. Sai dai tun da mutanenmu suka fara zama da iyali a nan Faransa, wasu kan so su leƙa ƙananan ƙasashen da ke kusa in sun sami konje, wato hutun shekara. A nan ne aikin Hajiya ya bambanta da na kowa. Ba ta fara tambayarka rana ko jirgi. Tambaya uku take yi da Hausarta ta Adar: “Wa za shi tahi? Yaya gwiwarshi da ƙirjinshi? Mi yake so ya gani?” Tana kuma da wani baƙin littafi da ya sha hannu. Duk wanda ta tura wata ƙasa, sharaɗi ne ya dawo ya ba ta labari: an yi ruwa ko ba a yi ba, ƙarfe nawa rana ke faɗuwa, matakala nawa ya hau, ina ya sami wurin sallah. Ita kanta ba ta taɓa taka ko ɗaya daga ƙasashen ba, amma ta san lokutansu fiye da waɗanda suka je.

Ku tambayi Mounkaila, mai lodin kayan lambu a kasuwar Rungis. Cikin Janairu ya so ya ɗebi iyalinsa a mota zuwa Andora, ya zo ta kama masa masauki kawai. Ta tambayi wa zai tafi, ya ce har da matarsa mai ciki wata bakwai. Ta ce masa ƙasar a kan duwatsu take, ƙanƙara kan rufe hanya a lokacin, ya bari sai Yuni. Ya yi ta gunaguni, amma ya bari, kuma da jaririya a goye suka je. Ku tambayi Solomon da Rose, 'yan Jos, da suka so yin hutun amarci a Luksambur cikin Nuwamba. Ta ce musu kafin ƙarfe biyar duhu ya yi, ga yayyafi ba ƙarewa, me za su gani? Suka je a Mayu. Rose har yau in ta ba da labarin sai ta ce, “Mama ta cece mu daga zaman ɗaki.”

Nawa labarin ya fi waɗannan nauyi.

Marigayi mahaifina, Malam Youssouf, ya yi aikin gini a Libiya tun ina yaro. Sau ɗaya aiki ya kai su Malta, wani ɗan tsibiri mai tsohon tarihi da ke tsakiyar teku, tsakanin Libiya da Italiya. Kwana huɗu ya yi, amma shekara talatin yana ba da labari. Ƙasa ce, in ji shi, da za ka ratsa ta tsakanin azahar da la'asar. Birninta duk dutse ne launi ɗaya. Kwale-kwalensu kuma idanu gare su. In ya zo kan idanun nan sai mahaifiyata, Inna Husainatu, ta ce, “Malam, ka ji tsoron Allah!” Shi kuma ya ce, “Zan kai ki ki gani, baɗi.” Baɗin nan ba ta zo ba har ya rasu a 2009.

A 2012 aka ba Inna bizar kwana casa'in ta zo Lyon ganin likitan zuciya. Da na tambaye ta a waya me take so ta gani a Turai, ba ta ce Paris ba. Ta ce, “Ka kai ni ƙasar nan ta babanka.” Na yi mata alkawari nan take. Ranar wata Asabar cikin Yuni na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na nufi ofishin Hajiya, don ita ce ke yi mini tikitin gida tun zuwana.

Muka gaisa, gajiya, iyali, mutanen Lyon, labarin damina a gida. Sannan na ce, “Malta nake so, ni da Inna, tsakiyar Agusta. Lokacin konjena ke nan.”

“Shekarunta nawa?”

“Saba'in da huɗu.”

“Mi za ya kawo ta Faransa?”

Na faɗa mata. Sai ta ajiye alƙalami ta ce, “Ba ni saida maka.”

Dariya na yi, wallahi. Na ce, “Hajiya, zafi kike ji mata? Inna 'yar Maradi ce fa! Matar da ke daka a tsakar gida cikin Afrilu, zafin Turawa ne zai ba ta tsoro?”

Ta ce, “Ku duka haka kuke cewa. Zahin gida busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na teku jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har cikin inuwa, numfashi ya yi nauyi. Birnin kuma matakala ne sama da ƙasa, dutse ya sha rana tun sahe.” Ta buɗe littafinta ta karanta mini abin da wani ɗan Damagaram, ƙato mai shekara talatin, ya faɗa mata bayan ya je a Agusta: daga sha ɗaya zuwa la'asar bai iya fita ɗaki ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan kalanda ta biyu. “Dubi nan kuma. Azumi. Kana tsammanin tsohuwa za ta sha ruwa don likita ya ce? Ni ban san uwarka ba, amma na san irinta.”

Ta ƙirga kwanakin bizar a gabana. In Inna ta sauka ƙarshen Yuli, tana da har dab da Babbar Sallah. “Ka kai ta makon farko na Oktoba. Zahi ya karye, ruwan hunturu bai kankama ba, cunkoso ya ragu. Voilà.”

A nan raina ya ɓaci, kuma tsoro ne ya ɓata shi. Babana da baɗi ya yi ta lallashin matar nan har ƙasa ta rufe idonsa, yanzu ni ma in ce mata ta jira? Mai ciwon zuciya? Na ce, “Wa ya ba ni tabbacin Oktoba?”

Ta ce, “Babu mai ba ka sai Allah. Amma Agusta ni na san abin da ke cikinta. Ga ofisoshi nan a layin, minti biyar za su saida maka. Ni dai ba ni sa hannuna.”

Na fita ko sallama ban yi ba. Na je har ƙofar wani ofishin, na kama hannun ƙofar, na tsaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne maganar azumin nan, don ni ɗan Inna ban tuna ba, ita da ba ta taɓa ganinta ba ta tuna. Na koma Lyon ina ƙunƙuni, na roƙi wani abokin aikina muka yi musayar konje. Da na gaya wa Inna an ɗaga tafiya sai ta ce, “To, Allah ya kai mu.” Amsar nan ta dame ni ƙwarai.

Inna ta sauka ƙarshen Yuli. Likita ya ce kada ta yi azumi, ta ce ta ji, ta kuma yi abinta har ƙarshe. Ranar Sallah aka yi wani irin zafi a Lyon. Mun dawo daga Idi, ina buɗe ƙofar gida, sai na ji ta sulale a bayana. Motar asibiti ta zo cikin minti goma. Suka kai ta inda takardunta suke, hannun mutanen da suka san ciwonta da magungunanta. Kwana huɗu ta yi ta farfaɗo sarai. Ina zaune a barandar asibitin na duba kwanan wata. Da a ce na sami abin da na je nema, da a ranar muna Malta, a kan matakalar birnin, ba wanda ya san mu, ba wanda ya san ciwonta. Na yi ta cewa alhamdulillahi kamar wanda bai san wata kalma ba.

Na kira Hajiya ina jiran ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba. Cewa ta yi, “Tana cin abinci?” Na ce tana ci. Ta ce, “To, ka sa likita ya rubuta a takarda ko za ta iya hawa jirgi a Oktoba. In ya ce a'a, ka haƙura. In ya ce i, sauran aikin nawa ne.”

Satumbar nan ta yi mini tsawo. Duk tarin da Inna ta yi sai gabana ya faɗi. Sai a makon ƙarshe likitan ya sa hannu. Hajiya ta samo mana masauki mara matakala, ta sa aka tare mu da keken marasa lafiya a filin jirgi, ta rubuta mini a takarda lokutan fita da na hutawa, har da yadda za mu je wani ƙauyen masunta da ke shimfiɗe ba hawa ba gangara.

Ran shida ga Oktoba muka isa ƙauyen da hantsi. Rana mai daɗi, iska kaɗan, Inna da mayafinta ba gumi ba sanyi. Ta taka da ƙafarta har bakin ruwa. Kwale-kwale ne birjik, shuɗi da rawaya da ja, kuma kowanne an zana masa ido biyu a goshi. Ta tsaya ta riƙe baki. Sai ta ce, “Bukari, ga idanun nan! La ilaha illallahu. Shekara talatin ina ce wa bawan Allah yana ƙari.” Ta yi dariya har hawaye, sannan ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ta ce ya yafe mata. Ni kuwa a kan wani dakali na zauna, na ji wani nauyi da na ɗauka tun Yuni ya sauka daga ƙirjina.

Hajiya Kadidiatou, mai kalanda biyu. Ke ce mai sayar da tikitin da ta iya cewa a'a. Ke ce kika san ba ranar da mutum ya sami hutu ce ranar tafiya ba, sai an dubi wanda zai tafi da ƙasar da za shi. Kin sha harara, kin sha baƙar magana, har mai ofishin ya sha yi miki ƙorafin kina korar mutane, ba ki fasa ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa, ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikokinki.

Ku kuma da kuke zaune bayan tebur a Paris da Lyon, 'yan'uwa na zuwa gabanku da gaggawarsu, ku yi koyi da ita. Ku tambayi mutum wa zai tafi kafin ku tambaye shi yaushe. In kun san abin da bai sani ba ku faɗa masa, ko da zai fita yana fushi.

Ni na fita ina fushi, Hajiya, kuma shekara bakwai ke nan kunya ta hana ni ba ki haƙuri baki da baki. Ga shi na bayar a gaban jama'a, ki yafe mini. Inna tana Maradi da ranta da lafiyarta, bana ta cika tamanin da ɗaya. Jiya na gaya mata kin ajiye aiki, ta ce in gaishe ki da kyau.