Sumar Kawu Bawa

Kawu Bawa, yayan mahaifiyata, wanzami ne a Boɗinga, kuma a faɗarsa yana cikin mutanen da suka hana Nijeriya rabewa. Abin da ya faru shi ne ya bi Runduna ta Ɗaya lokacin yaƙin basasa, aka ajiye shi a Makurɗi yana yi wa kurata ƙwal-kwabo. Matarsa Uwani ta ce ƙarar bindiga ɗaya ya taɓa ji, ita ma wani kofur ne ya harbi zabo.

Wannan bai hana shi sanin kome game da yaƙin ba. Duk abin kirki Runduna ta Ɗaya ce ta yi shi, duk ɓarna kuwa ta Biyu ce, domin ita bai taɓa aske mata kai ba. A zaurensa yake yanke wannan hukunci, aska a hannu, kuma ban taɓa jin wanda ya musa masa ba. Mai kaifi a maƙogwaro ba ya cika son gardama.

Sai dai wanzami ba ya aske ƙeyarsa. Tun suna samari, shi da Husaini wanzamin Shagari suke yi wa juna: yau Kawu ya hau mota ya je, karo na gaba Husaini ya zo. A wurinsu, ka miƙa kanka ga wani hannu alhali naka wanzamin yana raye, shela ce ka yi cewa an raba gari.

A 1982, shekarar da sabulu da madara suka ɓace daga kantuna, gwamnati ta yi wa jagoran Biyafara afuwa. Kawu, wanda ya daɗe yana alwashin aske gemun mutumin ba ruwa ba sabulu, ya wayi gari da sabon ra'ayi: afuwa halin manya ce. Gwamnatin ta ɗan gida ce, shugaban ƙasa mutumin Shagari ne, ga tutar jam'iyya a ƙofar zaurensa.

Husaini bai bi shi ba. Ƙanensa Sulaimanu soja ne a Runduna ta Biyu, ya nutse a kogin Kwara wajen ƙetarawa zuwa Anaca, ko gawarsa ba a gani ba. Ranar da Husaini ya zo askin Kawu ina hutu, ina tankaɗe a bayan zaure. Na ji ya ce shi ba ya hana kowa yafewa, amma da an tambayi waɗanda suka yi rashi tukuna. Kawu yana zaune an jiƙa masa kai, ga 'yan kallo, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ku 'yan ta Biyu mi kuka hwaɗi? Yaƙi anka aike ku, kunka tahi wanka."

Husaini ya goge askarsa, ya mayar cikin zabira, ya nufi tasha.

Daga nan suma ta fara aikinta. Hula ta daina zama. Direbobin tasha suka sa masa suna Kawu Disko. Wanzami da suma daidai yake da mai tallar maganin tari yana tari, don haka da aka yi haihuwa a Danchadi, wani aka kira askin suna. Wani wanzamin gari ya yi tayin rage masa, ya ƙi, domin ya san abin da hakan yake nufi. Amma kullum yana cewa tarihi yana bayansa. Uwani ta ce to tarihin ya lallaɓo ya aske masa ƙeya, tunda a bayan yake.

Da damina ta ja baya Kawu ya haƙura, ya hau mota ranar kasuwar Shagari. Surajo direba ne ya kawo mana labarin, kafin mai labarin ya iso. Husaini ya amsa sallama. Ya jiƙa kan, ya aske ɓangaren dama tas, sai ya naɗe aska ya ce akwai tsohon da ke jira ya yi masa ƙaho a bayan gari. Ya tafi, da hular Kawu a zabirarsa.

Haka Kawu ya zauna a rumfa, rabi fili rabi daji. Mutane suka taru, kuma kowa ya zo da nasa yaƙin. Mai albasa ya ce asarar yaƙin ita ce rufe hanyar kudu, buhunansa suka ruɓe. Wani kwandasta ya ɗora wa Turawa laifin. Wata mai fura, Kaltume, ta ce dukansu maƙaryata ne, yaƙin ya yi kyau tunda ya kwashe mata miji ya dawo da shi da ladabi. Duk sa'ad da Kawu ya buɗe baki ya ce "Runduna ta Ɗaya", sai a dubi kansa a fashe da dariya.

Bayan la'asar Husaini ya dawo, ya tsaya a bayansa yana wasa aska.

"Wanda yat tahi wankan, mi as sunanai?"

"Sulaimanu," in ji Kawu, murya ƙasa. "Ni na yi mai askin tahiya. Allah shi gahwarta mai. Bakina ya yi ɓarna, Husaini."

"Ahuwar hwa?"

"Ita tana nan. Ban canza ba."

"Ni ma ban canza ba, Bawa. Duƙa."

Da magariba ya shigo gida kai na sheƙi, da ɗan yanka a bayan kunne, ko da yake ba a san hannun Husaini da kuskure ba. Ya gaya wa Uwani cewa ya kayar da mutanen Shagari kaf da hujja. Ta ce ta ji, Surajo ma ya faɗa.

Da lokaci ya zagayo, Husaini ya sauka a tashar Boɗinga da zabirarsa. Tun kafin ya cire takalmi suka ci gaba da musu a kan afuwar.