Yahudawan da Suka Tsare Mini Sallah

Ina raka'a ta biyu a gefen bas ɗina, hanyar Germantown, sai wani Bature ya taso mini da zagi.

Fasinjojina Yahudawa ne 'yan majami'a ɗaya, na ɗauko su daga ziyarar masallaci. Suka sauko suka tare shi. Na ji wata tsohuwarsu tana cewa, "Kada wanda ya gifta ta gabansa, haka liman ya koya mana."

Da na ba Kawu labari a Wheaton, ya ce, "Ko kunya ba ka ji, jigilar Yahudawa?"

Na ce, "Kawu, su suka tsare mini sallata. Gobe ma ni zan ɗauke su."

Mai ja, ga fili nan, bismillah.