Littafin da Baba Ya Hana Ni Ƙonawa

Matso kusa ka ji. Yau shekara biyu da rasuwar Baba, surukina, a nan Ketare, kuma da ɓacin rai na tashi.

Baba ya yi yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya dawo ba yatsu uku, ga tari mai ƙara kamar ana jan tsohon ƙyaure. Wata rana da hantsi wani Bature ɗan mishan ya zo ƙofar gida da tafintansa, ya miƙa mashi littafi kan babban kwamandan su Baba a yaƙin. Wai mai tsoron Allah ne, wai a wurinsa ɗan Adam duk ɗaya ne. Tafinta na fassarawa, ni ina leƙe ta zana.

Baba ya ce, "Dakata, malam. Akwai sunan waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa suka haye kogi?"

Tafinta ya yi ta buɗe-buɗe. "Babu, Baba."

"Mu huɗu ne. Biyu ruwa ya ci. To, ɗaya muke a ina?"

Suna tafiya na fizgo littafin zan cusa a murhu. Ya daka mani tsawa: "Ke! Na ji an ambaci Allah a ciki. Ƙarya ce cike, amma ba da wutar gidana ba." Ya naɗe shi da tsumma ya soke a jinka, bai ƙara kallonsa ba.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da abokansa biyu a Aljanna. Littafin na nan, ni kuwa har yau hannuna ƙaiƙayi yake. Da kai ne, za ka iya barinsa?