Shirun Bayan Sallama

Shekarun baya, lokacin ina ɗan taɓa wasan kwaikwayo a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, abokina ya zo mana da wani tsohon littafin Turawa duk bangonsa ya cinye. Labari ne na bayan wata annoba da ta share mutanen duniya, mutum ɗaya kawai ya rage. Abokin nawa ya daɗe a gidan yana karanta sanarwar ɗaurin aure da cigiyar awaki, wannan ne karon farko da aka ba shi shiri nasa na kansa. Ya mayar da labarin Hausa, ya kuma kawo shi gida: mutumin ya zama masunci, ya dawo daga kogi ya tarar da garinsu Gulma ba kowa, ya kama hanya a ƙafa yana neman mai rai. Ni aka ba masuncin, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don muryata dama kamar ta wanda ya kwana da yunwa take.

A littafin, ihu mutumin yake yi a titi yana tambaya ko akwai wani. Abokina ya ce namu mutumin ba zai tunkari gidan mutane da ihu ba ko da duniyar ta ƙare. Sallama zai yi. Saboda haka duk ƙofar da masuncin ya je sai ya tsaya ya ce salamu alaikum, sai a bar shiru mai tsawo, sannan a ji takunsa ya yi gaba.

Ranar da muka fara ɗauka, ina yin sallamar duk 'yan wasan da ke ɗakin suka amsa. Aka sake. Wannan karon mai na'ura ne ya amsa daga bayan gilashi. Ƙarshe abokina ya kori kowa waje, shi kuma mai na'ura ya danne bakinsa da hula, sannan muka samu duniyar da ba kowa.

Da aka fara sa shirin sai ƙorafi ya biyo baya. Wasu sun zaci batir ne ya mutu suna ta bubbuga rediyo, wasu sun ce tashar ce ta ɗauke. Shugaban shirye-shirye ya kira mu ofis.

"Rediyo ba ta shiru," in ji shi. "Ko ku cike wurin ga da kiɗi, ko in ba masu tallan magani lokacin."

Abokina ya ce, "Ranka shi daɗe, shirun shi na wasan. In anka cire shi ba abin da ya rage."

Shugaba ya ce to ya je ya yi shawara da shirun nasa. Ni kam a raina na ce a sa kiɗan mana, ko gurmi ne, mu huta. Amma na san abokina. Ba zai sa ba, kuma in aka tsayar da shirin, cigiyar awaki zai koma har ya yi ritaya.

A makon na je Argungu gaida mahaifiyata, ya kuma dace da ranar shirin. Bayan la'asar na same ta a tsakar gida da maƙwabtanta suna tsince shinkafa, rediyo na kan turmi. Na zauna ina jin muryata tana jan ƙafa zuwa wata ƙofa. Masunci ya yi sallama. Gaba ɗayansu suka amsa, ba wadda ta ɗago kai daga faranti. Ya je ƙofa ta gaba, suka sake amsawa. Wata ma har da "shigo mana".

Na ce, "Inna, ai wasa na. Ni na ka magana, ga ni zaune."

Ta ce, "Na san kai na. Don kai na sai in ƙi amsawa? Bawan Allah shina ta sallama tun daga Gulma ba wanda ya tanka mai, mu ma mu yi mai shiru?"

"Ai ba shi jin ku."

"Wannan kuma ruwanai. Mu dai mun amsa."

Da na dawo na ba abokina labari ina dariya. Shi bai yi dariyar ba. Ranar shiri na gaba ya lallaɓi shugaba ya ce ya raka shi karɓar ɗinki a unguwar Nassarawa, ni ma na bi su. Rumfar teloli ce, rediyo a rataye a ƙusa, kekuna na ta ƙara. Masunci ya yi sallama, rumfar ta amsa baki ɗaya, har da wani ɗan kudu mai sayar da zare a gefe. A ƙofa ta gaba sai ga muryar shugaba cikin masu amsawa, da cikon wa rahmatullahi. Ya waiwayo ya dube mu, ya ce ko mun haɗa baki da su ne. Bai sake maganar kiɗa ba, shiri ya ci gaba.

A littafin, mutumin shi kaɗai ya mutu bai ga kowa ba. Abokina da ke rantsuwa ba zai taɓa ƙarshen ba, shi ya canza shi da hannunsa. A kashi na ƙarshe masuncin ya iso Birnin Kebbi, ya yi sallama a wata ƙofa, aka bar shirun da ya fi kowanne tsawo. Ba mu sa wata murya a faifan ba. Sai kawai na ce, "Alhamdu lillahi. Ashe da mutane. Na ishe ku lahiya?" Da na tambayi mahaifiyata yadda ta ga ƙarshen, cewa ta yi, "To, ya dai ji. Da ma kunnenai na da nauyi."

Abin da na ɗauka daga wannan ba shi da yawa. Mun sha wahala mun ƙera duniyar da ba kowa, mutanenmu suka ƙi yarda da ita, kuma ba da gardama ba. Abokina yana nan yana shirye-shiryensa, in mun haɗu mukan tuna hular mai na'ura mu yi dariya.

Mahaifiyata ta rasu tuni, gidan na Argungu a rufe yake, makullin na wurina. In na je dubawa nakan buɗe, in tsaya a zaure in yi sallama. Na san ba kowa. Duk da haka nakan bar shirun nan da tsawonsa kafin in shiga, kuma a nan ne nake jin kewarta fiye da ko'ina.